Alhamis ɗin sabuwar giya a Liyon

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, ƙafafuna sun yi tsami, amma bari in rubuta kafin barci ya sace ni.

Yau Alhamis ta uku a watan Nuwamba, ranar da ake fito da Beaujolais Nouveau, sabuwar giyar inabi ta yankin Beaujolais a Faransa. Tun 1985 aka tsayar da wannan rana, kuma a gidan abincin da nake aiki ba mu da ranar da ta kai ta hayaniya. Inabin da aka tsinka a Satumba ne, wata biyu kacal, har ya shiga kwalba.

Ni ba na sha, Madam mai gidan ta sani. Da safe kafin mu buɗe ta jera kofi biyu a kan kanta, ta ce, “Ba sai ka kai baki ba, hanci ya isa. Amma in baƙo ya tambaye ka, kada ka tsaya kana zare ido.” Na farkon, na sabuwar giyar, ja ne mai ratsin shuɗi, haske na wucewa ta cikinsa. Ƙamshin sitiroberi da ceri ya fara dukana, can ƙasa kuma, abin dariya, ayaba. Na biyun daga Morgon yake, wani ɓangare na yankin, ya shekara uku. Babu ayaba ko kaɗan, sai ceri da ya nuna sosai da wani ƙamshi kamar ƙasar da ruwa ya jiƙa. Na ce, “Madam, ai wannan ba inabi ɗaya ba ne.” Ta yi dariya. Inabi ɗaya ne, Gamay, mai baƙin ɓawo da farin ruwa.

Ashe ƙasa ce ta raba su, sai kuma hannu. Yankin Beaujolais yana arewa da mu, tsakanin Liyon da Makon, yamma da kogin Saône. Kudancinsa yumɓu ne da farar ƙasa, yawancin sabuwar giyar daga can take. Arewa tuddai ne na dutse da tsakuwa, inda wurare goma masu manyan sunaye a giya suke, irin su Morgon da Fleurie da Moulin-à-Vent. Galibi da hannu ake yanke inabin, a zuba shi da reshensa cikin tanki ba a matse ba. Nauyi ya fasa na ƙasa, iskar da suke fitarwa ta lulluɓe na sama, kowane ɗa ya fara tsima a cikin ɓawonsa. Shi ya sa baurinta kaɗan ne, ƙamshin 'ya'yan itace ya yi mata yawa. A 1395 wani basarake, Philippe le Hardi, ya sa a tuge wannan inabi daga gonakin Burgundi don ya raina shi. Wanda aka kora jiya, yau layi ake yi masa.

Da rana wani dattijo ya kama ni da faɗa, wai don me na kawo masa jar giya da sanyi. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan a wajen digiri 13 ake son ta, in ta yi ɗumi ƙamshin ya kwanta.” Ya kurɓa, ya yi shiru, daga baya ya nemi ƙari. A wata kwalba ta gargajiyar Liyon muke kai giyar, mai kaurin gindi, santilita 46.

Gasasshiyar kaza ce ta fi tafiya yau, don tsamin giyar yana yanke maiƙo, in ji masu sha. Sai tsiran alade na gargajiyarsu, da cukun Saint-Marcellin mai narkewa a faranti. Wata mata har da kifi ta haɗa, ba wanda ya ɗaga gira. A ganina rabin murnar yau talla ce, na Morgon ɗin nan ya fi ta nesa ba kusa ba, ko a hanci.

Hannun rigata har yanzu ayaba yake yi. Gobe ƙarfe goma zan koma, ga akwati bakwai na kwalabe ban wanke ba.