Zaren tsokar ƙirjin kaza ya fito yadda za a iya auna shi

'Yan uwa masu koyon yankan tsoka da rina ta, gilasan yankan tsoka da na ciro daga rini a wannan makon sun faranta mini rai ƙwarai. Ina kwatanta kaurin zaren tsokar ƙirji, wato siraran silin da suka haɗu suka yi tsokar, a kaji uku sa'annin juna da suka tashi kan abinci ɗaya: kazar Hausa, da Shika Brown wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, da broila. Yawancin abin da na karanta a kan alade aka yi shi, inda aka nuna cewa na daji ya fi na kiwo siraran zare da yawan jan zare, domin zaɓen iri saboda nama yana ƙara farin zare mai kauri. Na so in ga sawun gado da idona a dabbar da muke kiwo.

Abin da ya daɗe yana ƙona mini rai shi ne siffar zaren a ƙarƙashin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Maimakon ya fito a dunƙule, sai ya fito a miƙe kamar ƙwayar dabino, har zaren kazar Hausa ya yi kamar ya fi na broila kauri. Na sauya wuƙa, wadda tsadarta ta taɓa aljihuna sosai, na kuma rage kaurin yanka, amma babu abin da ya canja. Ashe tun a fomalin, ruwan da ake tsoma tsoka a ciki don kada ta lalace, matsalar take farawa, domin ɗanyar tsoka tana takurewa tana murɗewa da zarar ta shiga, saboda haka duk yadda aka daidaita ta a cikin kakin da ke riƙe ta wajen yanka, wuƙa a karkace take ratsa ta.

Yanzu ina yanko tsokar bisa tsawon zarenta, in ɗaure bakinta biyu a jikin tsinke kafin in tsoma ta. Wajen awo kuma gajeren faɗin kowane zare nake ɗauka, tunda shi ne karkacewar yanka ba ta cika ɓatawa ba. Da haka broila ta yi wa sauran fintinkau a kaurin zare, Shika Brown da kazar Hausa kuwa suna kusa da juna.

Saura cinya, inda jan zare da fari suke cakuɗe. Rarrabe su yana buƙatar rinin ATPase a kan daskararriyar tsoka, don haka duk wanda ya san inda zan samu injin yanka mai sanyi a Samaru, ina roƙo ya sanar da ni.