Laya a Ƙarƙashin Riga: Aikin Bishara Tsakanin Ɗaliban Damagaram

Ikilisiyarmu ce ta ɗora mini kula da ɗalibai a Damagaram, ƴan lise, wato babbar sakandare, da waɗanda suka ci BAC, jarrabawar ƙarshenta, suka shiga jami'a. Ni Bahaushe ne, Kirista, kuma kakana na wajen uwa Anne ne, wato mai bin addinin gargajiya, har ya koma ga Mahaliccinsa. Yana da wurin tsafinsa a gindin tsamiya, ba ya shuka sai ya yanka wa iskokin gidansu zakara. Don haka ba a takarda na ji labarin iskoki ba.

Bishara ba baƙuwa ba ce a garin nan. A Damagaram mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya fara aiki a ƙasar Nijar a 1924, lokacin nan ne mazaunin mulkin Faransawa, kafin su koma Yamai a 1926. Shekara ɗari ke nan, amma har yau mu ƴan ƙalilan ne a birnin da ke tinƙaho da malamansa da fadar sarkinsa da tarihin Sarki Tanimu. Tun ranar 16 ga Janairu 2015 da aka ƙona majami'u saboda zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, kowannenmu ya ƙara auna maganarsa. A ranar, maƙwabcina Musulmi ne ya shigar da iyalina gidansa ya kulle ƙofa. Wanda duk ya zo nan da niyyar kafa lasifika a fili yana kushe addinin mutane, ba da ni ba.

Yawancin ɗaliban da nake zama da su daga ƙauyukan Magarya, Matamai, Kance, Mirya da Tanut suke. Da dama su ne na farko a zuriyarsu da suka taka jami'a. In ka tambaye su addini, kusan duka za su ce Musulunci, ƴan kaɗan su ce Kiristanci, babu mai cewa bori ko tsafi. Amma bari jarrabawa ta matso. A nan za ka ga guru a ƙugu, kambu a dantse, laya ɗinke a cikin hula, garin magani a ƙullin leda da aka ce a zuba a kunu don kaifin ƙwaƙwalwa. Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne, yaran namu na coci ma suna ciki. Wani da ke jagorar waƙa ranar Lahadi, da ya tuɓe riga zai yi wanka a gidana, laya biyu na gani a wuyansa. Malaman sunna na wa'azi a kan wannan, mu ma muna yi, layar kuwa tana nan daram.

Baƙin da ke zuwa taya mu aiki daga waje iri biyu na gani. Akwai mai cewa duk camfi ne, zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar karatu, a ba yaro ƙwaya ya kwanta. Akwai kuma mai ganin aljani a kowane tari, wanda burinsa a tara layu a cinna musu wuta a gaban jama'a, a ɗauki hoto a aika gida. Na farko yaran sukan saurare shi cikin ladabi, su daina faɗa masa komai. Ɗalibin da ke karatun kimiyya ya san ƙwayoyin cuta sarai, sanin bai hana gabansa faɗuwa in ya yi mafarkin doguwar mace tsaye a kansa ba. Na biyun kuwa ɓarnarsa ta fi yawa. Layar nan da yake son ƙonawa, uwa ce ta sayar da akuyarta ta kai wa boka ko malami, ta biya baduku ya ɗinke ta da fata, ta rataya wa ɗanta ran da zai hau mota. In ka fizge ta, a idon yaron uwarsa ka mara. Shi ya sa ban taɓa cire wa kowa laya da hannuna ba, ba na kuma roƙon a cire. Wanda zuciyarsa ta natsu shi yake kawo tasa da kansa, galibi ba tare da kowa ya sani ba, wani ma sai ya ce in ajiye masa tukuna.

Da muhawara na ga ba a cin kowa. A fada, wato majalisar hirar samari, ana shan shayi, yaran nan za su kwana suna gardama da Faransanci a kan Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin uku, da ko an canza Linjila, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Amma in dare ya raba, wani ya biyo ni bakin ƙofa ya ce, "Malam, ina da magana," to da Hausa zai yi ta, kuma maganar tsoro ce: sammu, kambun baka, maita, ko ɗan kishiyar uwa da ake zargin ya yi masa kurciya. Saboda haka da Hausa muke karatu, ko da yake yaran da suka tashi a lakwal ta Faransanci sukan yi tuntuɓe da rubutun Hausa da farko. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, yanzu kuma akwai na saurare da muke tura musu a waya. Da Markus muke farawa, don tun sura ta fari Yesu yana fuskantar aljanu, a ta biyar kuma ga mutumin nan mai kwana a makabarta wanda sarƙa ba ta riƙe shi. Ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san irinsa a garinsu. Zabura ta 91 da ta 121 kuwa har waɗanda ba Kirista ba sukan ce a maimaita musu.

Batun kuɗi gajere ne. Ɗalibi na fama da yunwa, ga ƙarancin ruwan Damagaram da kowa ya sani. Mai son tuwo ko bidon ruwa a gidanmu ya ɗauka, ba sharaɗin zama karatu. Da an haɗa su biyun, gari zai ce sayen addini muke, kuma da gaskiyarsu. Ƴan lise da ba su kai shekara 18 ba, sai da sanin iyayensu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata ɗaliba ce daga wajen Magarya. Mahaifiyarta ƴar bori ce, Doguwa ke hawanta. Da ta rasu, gwaggwanni suka ce iskar tana neman magajiya, kuma yarinyar ta zaɓa. Sai ga ta tana faɗuwa, ba barci, tana ramewa. Suka ce ta bar karatu ta dawo a yi mata girka, a killace ta kwanaki ana ba ta magani, a kira masu goge, a yi yanka. Ni namiji ne, ba zan zauna da ƴar mutane ba, maiɗakina ce ta karɓe ta. Ta kai ta asibiti, aka sami ƙarancin jini aka ba ta magani, da dare kuma ta shimfiɗa tabarma kusa da ita, in ta firgita su yi addu'a tare. Ba mu ce mata likita ya isa ba, ba mu kuma ce addu'a ta hana shan magani ba.

Da hutu ya zo muka raka ta ƙauye da goro da sukari. Na durƙusa na gai da kawunta na ce, "Baba, gaisuwa muka kawo, ƴarku kuma ga ta." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, ban tambaye ka addininka ba. Mu in abin ya taso mata da tsakar dare, mun san wanda za mu kira. Ku wa zai tashi?" Na nuna maiɗakina na ce, "Ga wadda take tashi, Baba." Ya juya ya tambayi yarinyar ko haka ne, ta ce haka ne. Ya ce to ta koma ta ƙare shekarar, maganar girka a jingine.

Jinginewa ya ce, bai ce an fasa ba. Ta ci jarrabawarta, ta yi ƙiba, faɗuwar ta ragu ƙwarai amma ba ta ɗauke gaba ɗaya ba. Ba ta nemi baftisma ba, mu ma ba mu taɓa yi mata zancen ba. Tana zuwa karatun Markus in ta ga dama, tana sallarta. Babbar gwaggon kuwa ta aiko cewa bayan girbin gero za ta zo Damagaram da kanta ta ga matar nan da ke kwana da ƴarsu, maiɗakina ta ce a faɗa mata ɗaki na nan.