Ranar da tayar babur mai ƙafa huɗu ta sace min a Dadin Kowa

Yayana ne ya siyo babur ɗin nan mai ƙafa huɗu saboda gonar shinkafarmu ta rani a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa, don hanyar shiga gonar idan an saki ruwa ba mota ba ko mashin sai ka sauka ka tura. Ranar na ɗauko taki buhu biyu, ina dab da isa sai naji kan yana ja na hagu, na tsaya na duba wlh da ido ba zaka ce ga matsala ba saboda tayar nan dama a laushe take aiki, sai da na taka ta da ƙafa naga ta lotse har kusan wili.

Na kira Yaya nace Yaya taya fa ta sace, yace kar in kuskura in ƙara tafiya a kanta ko taku ɗaya, in sauke takin, akwai kayan faci a akwatin baya. Dalilinsa kuwa tayar tubles ce, babu tib a ciki, idan ka ja ta babu iska bakinta zai rabu da wili, daga nan kuma famfon hannu ba zai sake tada ta ba sai an kai gari.

Neman hujin ne ya fi cin lokaci. Na ɗan bata iska, wani dattijo mai gadin injin ban ruwa ya miƙo min omo a leda yace yaro kaɗa wannan a gora ka zuba, na zuba a kan bawul shiru, na bi gefen wili shiru, ina turawa gaba kaɗan kaɗan ina zubawa, sai can a tsakanin haƙoran tayar naga kumfa na tasowa ƙanana ƙanana kamar miya ta fara tafasa. Ƙayar bagaruwa ce ta karye a ciki, kanta kawai ake gani baƙi kamar ƙwayar gero, da filaya na zaro ta. Baba yace ka gode Allah a tsakiya ta shiga, da a gefe ne ba ruwanka da faci, kuma gaskiyarsa ne don gefen taya siriri ne kuma kullum yana lanƙwasa, igiyar faci bata zama a wurin.

Shi facin kansa ƙarfe biyu ne, ɗaya mai kaushi kamar magagari ɗaya mai ido kamar basilla, sai igiyar roba mai danƙo da sulushan. Abin da ya ban tsoro shine wai sai ka ƙara faɗaɗa hujin da hannunka, na daɗe riƙe da ƙarfen ina jin kamar zan ɓata tayar mutane, amma dole ne, idan baka goge ramin ba igiyar ba zata shiga ba. Na soka na zaro kamar sau shida, na zura igiyar a idon basillar har tsakiyarta, na shafa sulushan, na danna da ƙarfi sai da kusan kashi biyu cikin uku ya shige sannan na fizge ƙarfen a miƙe ba murɗawa. Na farko na tura duka ya faɗa ciki, na biyu ne ya zauna. Na yanke saura da reza na bar ɗan kaɗan, na sake zuba ruwan omo babu kumfa.

Kuskuren da har yau yake damuna a wajen iska nayi shi. Da na fito titi na tsaya wajen mai faci nace oga ƙara min iska, shi kuma bawan Allah ya saba da mota da keke napep, ya ɗura mata har ta yi tauri kamar dutse, ni ma naji daɗi wai ta cika. Ina hawa babur ya fara tsalle yana karkata gefe ɗaya, a wata kwana saura ƙiris ya kifar da ni. Da na isa gida Yaya ya latsa tayar da yatsa, ransa ya ɓaci sosai, ya ja ni ya nuna min takardar da ke manne a jikin babur ɗin, 5 psi aka rubuta (psi shine ma'aunin ƙarfin iskar taya), alhali mota tana shan 30 zuwa 35. Yace irin wannan tayar laushinta ne yake riƙe ƙasa a laka da yashi, kuma ta hagu da ta dama dole su zo daidai in ba haka ba zai dinga jan ka gefe. Gejin auna iskar tayar mota ma baya karanta iska kaɗan haka da kyau, akwai nasa ƙarami daban, ashe yana cikin akwatin nan ƙarƙashin tsumma ban gani ba.

Muka sace iskar a tsakar gida har ta dawo 5, muka auna sauran ukun. Facin yana nan wata na huɗu kenan bai taɓa rage iska ba, amma duk safiya kafin in ɗora kaya sai na sa gejin, omo kuma na ƙulla nawa a leda na ajiye kusa da filayar.