Alhamis a gaban tanderu: kofin amarya

Na fito daga gida ana sanyin nan na Nuwamba mai shiga har ƙashi. Jirgin ƙasa mai lamba 1 ya sauke ni a titi na 231, na hau bas zuwa Riverdale, unguwar da Yahudawa suke da yawa a nan Bronx, cikin birnin New York. Duk hanya hankalina yana kan abu ɗaya, wato ɗan gutsuren gilashin da muka bari a tanderu jiya da yamma.

Shekara biyu ke nan ina aiki da uwar ɗakina. Bayahudiya ce, ta haura saba'in, kuma a ɗakin ƙasa na gidanta take sana'ar narkar da gilashi tana ƙera kayan ibadarsu. Da shara da naɗe kaya na fara, yanzu har yanka take bari in yi. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce min 'yata. Na same ta zaune gaban tanderun da kofin shayi a hannu, ba ta buɗe ba. Ba a buɗe shi sai zafin ciki ya sauko ya kusa daidai da na ɗaki, ko da mutum zai mutu don ɗoki. Da ta ga na shigo sai ta ce, "Ke nake jira, zo ki ɗaga da kanki."

Ga labarin gutsuren. A ɗaurin auren Yahudawa, a ƙarshe ango yakan taka kofin gilashi da aka naɗe a ƙyalle ya fashe, jama'a su ɗauka da "mazal tov", wato barka da arziki. Suna yin haka ne don tunawa da Haikalin Ƙudus da Rumawa suka rushe a shekara ta 70 miladiyya, domin ko a ranar farin ciki kada a manta da shi. Ma'aurata da yawa sukan tattara fasassun su aiko mana a mayar musu da su gidan mezuza, wato ɗan rubutun addini da suke naɗewa su kafa a gefen ƙofa. Makon jiya wata amarya ta aiko da nata a jakar karan-miski. Shuɗi ne mai duhu, kuma ta rubuto cewa kofin kakarta ne, tana so a narkar da shi cikin jikin abin da za a yi mata, ya zama ɗaya da shi.

A nan matsalar take. Kowane gilashi yana da yadda yake buɗewa in ya ji wuta, da yadda yake tsukewa in ya huce. Namu duka na kamfanin Bullseye ne da ke Portland a jihar Oregon, waɗanda suke sana'ar tun 1974, irin wanda masu aikin suke kira mai lamba 90. Akwai kuma mai lamba 96, wanda ko kusa da teburinmu Mama ba ta yarda a kawo. In aka narkar da iri biyu da ba su jitu ba wuri ɗaya, wajen hucewa ɗaya zai riƙa jan ɗaya. Abin zai iya fitowa sumul, ya yi wata uku a jikin ƙofa, wata rana ya tsage ba wanda ya taɓa shi. Kofin kaka kuwa babu wanda ya san irinsa. Shi ya sa jiya muka ɗauki mafi ƙanƙanta daga fasassun, bai kai farcen ɗan yatsa ba, muka ɗora shi a kan farin gilashinmu don gwaji.

Na ɗaga murfin. A ido ya yi kyau ƙwarai, shuɗin ya nutse cikin farin kamar ɗigon shuni a ruwa. Har na ce, "Mama, ya kama!" Ba ta amsa ba. Ta ɗauko ledoji biyu masu tace haske, ta shimfiɗa ɗaya a kan fitilar tebur, ta ɗora gwajin, ta rufa ɗayar a sama tana juya ta a hankali har ko'ina ya yi baƙi. Sai ga wani farin haske ya kewaye shuɗin, da ƙahonni huɗu kamar tauraro. Ta sa ƙarshen fensir ta bi shi. Wannan hasken shi ne ja-in-jar da ke tsakanin gilasan biyu, ido ba ya ganinta sai ta wannan hanyar. Mun yi shiru mu biyu. Ni dai zuciyata ta karye, don na riga na zana yadda zan jera fasassun kamar reshen itace.

Da ƙarfe goma ta kira amaryar. Ina jin su daga wurin famfo. Yarinyar ta yi ta roƙo, ta ce ko kaɗan ne a saka, ta ce za ta ƙara kuɗi. Mama ta ce mata ba za ta sayar mata da abin da ta san zai fashe a ƙofar gidanta ba. Ta ba ta shawara a zuba fasassun yadda suke a cikin siririyar kwalba mai haske, a rufe bakinta, a kafa ta kusa da kwalbar da rubutun zai zauna. An ɗan jima ba a ce komai ba, sannan na ji ta yarda. A ganina ma haka ya fi. Kofin ai don ya fashe aka taka shi, kuma a cikin kwalbar za a riƙa ganin kowane gutsure da kaifinsa yadda ƙafar angon ta bar shi.

Daga nan na shiga yanka. Rubutun da za a saka mai tsawon santimita 10 ne, don haka sai na auna jikin da ɗan ƙari sama da ƙasa saboda ramin ƙusa. Shi rubutun ba namu ba ne. Marubuci na musamman da suke kira sofer ne yake yin sa da hannu a kan fata, da alƙalamin gashin tsuntsu ko na kara, layi 22, harafi 713, daga wurare biyu a littafi na biyar na Attaura. Farkonsa shi ne shaidar da suke kira Shema, inda ake cewa Ubangiji ɗaya ne. Harafi ɗaya in ya lalace, rubutun duka ya tashi aiki, shi ya sa ake kai shi a duba sau biyu cikin kowace shekara bakwai. Saboda wannan dubawar dole mu yi gidan yadda za a iya zaro shi a mayar ba tare da an ji masa ciwo ba. Tun ranar da Mama ta yi min wannan bayanin nake tuna wani baduku a unguwarmu da nake tsayawa kallo ina yarinya. Malam ya rubuta, shi kuma ya ɗinke da jar fata, bai taɓa buɗe takardar ya ga me ke ciki ba, amma ɗinkinsa ko ruwa ba ya shiga. Matsayinmu ke nan a wannan aikin, kuma ina jin daɗinsa.

Yankan gilashi da kunne ake yin sa. Abin yankan ɗan ƙarfe ne mai ƙaramin wili a baki, a tsoma shi a mai, a ja shi sau ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan. In hannu ya yi daidai, za ka ji ƙara siririya kamar ana yaga sabon yadi. In ka ji ƙaras-ƙaras ka danna da yawa, in kuma ka koma kan layin sau biyu ka ɓata wilin ka ɓata gilashin. Sannan a kama bakin layin da filaya a matsa kaɗan, tsagar ta gudu da kanta har ƙarshe. Har yau duk lokacin da ta gudu daidai sai na saki numfashi. Na yanka biyu masu kaurin milimita 3, fari a ƙasa, mai ruwan madara a sama, saboda narkakken gilashi kullum milimita 6 yake nema. In bai kai ba sai ya tattare gefensa ya shigo ciki, in ya wuce sai ya malale ya ɓata siffar.

Wajen launi mun ɗan yi gardama. Ni na so in yi masa layi da wani shuɗi mai ruwan kore don ya amsa wa fasassun. Mama ta tuna min cewa wannan shuɗin akwai tagulla a cikinsa, mai ruwan madarar kuma akwai farar wuta, kuma duk inda suka haɗu a wuta sai baƙin layi ya fito tsakaninsu. Wani lokaci da gangan muke neman layin. A nan kuwa zai ja ido daga kan kofin kaka, don haka na haƙura na ɗauko farin tsakin gilashi na barbaɗa a gefe kawai.

Yawanci harafi ɗaya ne yake hawa jikin gidan mezuza, wato shin, farkon Shaddai, ɗaya daga sunayen Allah a wurinsu. Haƙora uku gare shi, kuma ranar da na fara ganinsa sai da na ce mata ai mu ma shinun ɗinmu na ajami haƙora uku ne, kuma daga dama muke farawa kamar su. Na yanka shi daga gilashin nan mai walƙiya da ke sauya launi in an juya shi, sanda uku ƙanana da gindi ɗaya, na jera su da hantsaki. Sau huɗu ina sakewa kafin na tsakiyar ya tsaya. Mama ba ta taɓa rubuta cikakken sunan Allah a jikin gilashi, domin in ya fashe ba za a iya zuba shi a shara ba, sai an adana an binne. Wannan ban buƙaci dogon bayani ba, haka aka tarbiyyantar da mu da takardar da ke da aya.

Abin da masu saye ba su sani ba shi ne wanki ya fi komai cin lokaci. Kowane gutsure sai an wanke shi, an goge da ƙyalle mara gashi, daga nan kuma sai dai a riƙe shi ta gefe. Ɗan maiƙon yatsa in ya shiga wuta, fari-fari yake fitowa a fuskar gilashin kamar kirci, kuma ba ya goguwa. Bara, gab da Idin Ƙetarewa, na bar sawun babban yatsana a tsakiyar wani faranti mai gurbi shida, irin wanda suke jera abincin daren farko a kai. Wuta biyu ya riga ya sha. Kwana biyu na yi ina goge shi da injin wasawa kafin a sake mayar da shi. Tun daga ranar nake wanke komai sau biyu.

Na yi azahar a lungun da ke bayan kantar gilasai, Mama ta rage rediyo kamar kullum. Bayan mun ci abinci sai aikin da ya fi ba ni tsoro, huda fitilun Hanuka. Bikin ya matso, oda ta taru. Fitilar gurbi tara ce: takwas a layi ɗaya, tsayinsu ɗaya, na dararen bikin takwas, sai na tara da suke kira shamash, wanda da shi ake kunna sauran, shi kuma dole ya fita daban, yawanci a ɗaga shi sama. Suna tunawa ne da sake tsarkake Haikalin a shekara ta 164 kafin miladiyya, da ɗan man da aka ce ya isa kwana ɗaya amma ya ci kwana takwas. Kyandir 44 fitila ɗaya take ƙonawa kafin bikin ya ƙare, don haka gurabun ƙarfen da muke kafawa sai sun zauna daram, kuma harshen wutar ya yi nesa da gilashin. A cikin ruwa ake hudar, da bakin ƙarfe mai garin lu'ulu'u, a danna kaɗan a ɗaga, a danna a ɗaga, ruwan yana komawa fari kamar tsala. Rami na bakwai ko na takwas shi ne inda hannu yake gajiya ya yi gaggawa, kuma nan ne aikin kwana uku yake tsagewa. Yau na huda uku, rami 27, duk lafiya. Wuyana ya ƙage, takunkumi ya bar min sawu a hanci.

Wata mata ta zo karɓar nata da la'asar, ta ji farashi ta ce ai ta ga irinsa a intanet rabin kuɗin. Mama ta yi murmushi ta naɗe mata. Ni kam raina ya sosu, don ni na san sau nawa abin nan ya shiga wuta, da yawan gilashin da ya tafi a gwaji kafin a samu launin.

Kafin magariba muka loda tanderu. Na shimfiɗa takardar da ke hana gilashi manne wa faifan, na jera mezuza shida, ta amarya a tsakiya inda zafi ya fi daidaito. Mama ta tsaya a bayana ina danna lambobin. Zai hau a hankali zuwa digiri 663 a ma'aunin Salsiyas, ya tsaya rabin awa don iskar da ke tsakanin gilasan ta samu hanyar fita. Daga nan zuwa 810, minti goma kacal, nan ne komai yake narkewa ya haɗe. Sai ya sauko 482 ya zauna awa guda cur, don ciki da waje su huce tare, sannan ya ci gaba da sauka kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Na karanta mata lambobin da ƙarfi, ta ce in sake, na sake.

Gobe Juma'a rabin rana ce. Rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi a wannan watan, ita kuma tana kunna kyandiran Asabar minti 18 kafin faɗuwarta, daga nan babu sauran taɓa aiki har Asabar da daddare. Don haka tun takwas zan je, in huda ramukan ƙusa, in goge gefuna, in zuba fasassun a kwalbarsu. Na ƙirga su kafin in mayar jaka, guda 31 ne, ban da wanda ya tafi a gwaji. Shi ma Mama ta ce in naɗe shi a saka wa amaryar a cikin kwalin, don nata ne.

Sai a cikin bas na lura da jini a jikin safar hannuna. Ɗan yanka ne a gefen manuniya, ban ma san lokacin da ya same ni ba. Na wanke na ɗaure, na saita ƙararrawa ƙarfe biyar da rabi.