Sana'ar tono asali a Legas

Bin diddigin asalin mutane ita ce sana'ata. Ina da ɗan ofis a Agege, da yara biyu da ke taya ni, ɗaya ya iya karanta ajami, ɗaya kuma kwamfuta ce hannunsa. Masu zuwa wurinmu galibi jikoki ne da tattaɓa-kunnen Hausawan da suka daɗe a Ikko, waɗanda in ka tambaye su garinsu sai su ce "an dai ce mu Kanawa ne," shi ke nan zance ya ƙare. Wani rigimar gado ce ke kawo shi, wani kuwa girma ne ya zo, yana son ya bar wa 'ya'yansa abin da za su riƙe.

Turawa sun daɗe da wannan harka. A Amurka akwai mujallar tarihin zuri'a da ke fitowa a yankin New England tun 1847, kuma wani laburare a garin Fort Wayne na jihar Indiyana ya tattara fihirisar irin waɗannan mujallu, wadda ake kira PERSI. Mutum zai nemi sunan danginsu ko garinsu, a nuna masa mujallar da fitowar da zai duba. Duk ginin ya tsaya ne a kan sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika, abin da Bahaushe ba shi da shi. Mu sunan mutum ne da na mahaifinsa, in an ƙara sai garinsu ko sana'arsa. To, Audu Kano nawa ne suka sauka a Legas? Saboda haka rabin aikina gina tawa fihirisar ne, suna bayan suna.

Ban taɓa fara aiki da takarda ba. Sai na zauna da tsofaffin gidan tukuna, musamman mata, don su ne ke riƙe da wa ya auri wa, da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi. Nakan ce, "Hajiya, shi Baba me ya kawo shi kudu?" Amsar ita ke nuna mini inda zan nufa. In fataucin goro ko shanu ne, hankalina na komawa bayan 1912, lokacin da layin dogo ya haɗa Legas da Kano, zangon Agege ya cika. In aka ce soja ne ko ɗan sanda, sai in koma can baya, domin tun 1863 Glover, Baturen da ya mulki Legas, ya kafa rundunar Hausawa a garin, an ma kai wasunsu yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yau, a 1873. Tsofaffin gidajen Obalende da yawa ta barikin soja tarihinsu ya biyo.

Takardun mulkin mallaka na Legas suna ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Ibadan, na Arewa kuma suna Kaduna, ga kuma Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna. Rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi don yanka haraji sukan kawo jerin hakimai da dagatai, su kan taimaka in gidan na da alaƙa da sarauta. Sai tsofaffin jaridu irin su Lagos Weekly Record da ta fara a 1891, da Daily Times ta 1926, da Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, inda masu aiko wasiƙa ke sa sunansu da garin da suke zaune. Waɗannan sai dai ka bi su shafi-shafi, ido na ruwa.

Mujallun masana ma ina bin su, kamar ta ƙungiyar masana tarihi ta Najeriya da ta soma fitowa a 1956. Amma fihirisarsu marubuta da taken maƙala kawai take nunawa. Abin da nake nema yana ƙasan shafi, cikin ƙananan rubutu, inda mai bincike ya faɗi dattijon da ya yi hira da shi, da unguwarsa, da shekarar hirar. Sau da yawa a nan kakan wani yake kwance ba wanda ya sani.

Rubutun suna shi ke cin lokaci. Akawun da ya rubuta kakanka a Legas wataƙila Bayarabe ne ko Saro, wato zuri'ar 'yantattun bayin da suka dawo daga Saliyo, yadda kunnensa ya ji haka zai sa. Ibrahim ya koma Buraimo ko Braimah, Abubakar ya zama Bakare, Idrisu ya zama Disu, Muhammadu kuma Momodu. Kowane suna sai mun neme shi ta duk fuskokinsa, kuma ko ya dace ba ma yarda sai gari ko sana'a ko shekara ta mara masa baya.

Kuɗin lokacina nake karɓa, ba na sakamako ba, kuma tun ranar farko nake faɗa. Dalili kuwa, mutane da yawa sun riga sun yanke abin da suke son ji: jinin sarauta, ko malamin da ya yi jihadi tare da Shehu. Akwai masu rubuta wa mutum irin wannan salsala in ya biya, ni ban iya ba. Abin da ya fi wuya shi ne in takarda ta nuna kishiyar haka, domin da yawa cikin waɗanda Glover ya ɗauka bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Irin wannan ba na aika shi ta waya. Nakan je gida in sami babban gidan shi kaɗai, in ajiye masa hoton takardar, in nuna masa inda na samo ta. Ko zai faɗa wa sauran dangi, ko zai kulle a akwati, wannan shawararsa ce.