Maki da kabeji: abin da lambun 'yan SS2 ya koya min

Duk malamin noma a Jos da ya taɓa fitar da 'yan SS2 lambun rani, a bakin kogin Dilimi ko gefen kududdufan kuza na wajen Bukuru, ya san samun manomin da zai karɓi yara ba ya wuya. Rigimar tana wurin maki. Tunda a ƙarshen zangon nan zan sauke wannan kaya, gara in nuna wa mai ɗauka inda santsi yake.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a ɗaure maki 20 na aikin fili, cikin 40 na CA (makin da ake tarawa cikin zango kafin jarrabawa), a jikin abin da aka girbe. A takarda abin gwanin kyau: kowane rukuni ya kawo amfaninsa, a auna, a rubuta. To, a yi lissafi. Zango mako 13 ne. Makon farko ya tafi a shara da jiran masu dawowa, hutun tsakiya ya ci nasa, biyun ƙarshe na bita da jarrabawa, abin da ya rage bai wuce mako 9 ba. Kabeji kuwa sai ya yi mako 4 zuwa 5 a gadon iri kafin dashe, sannan mako 10 zuwa 12 kafin kai ya ɗaure ya yi tauri. In a Janairu aka zuba iri, ga hunturun Jos yana ƙara masa nawa, ranar da za a rufe takardar maki ganye ne shimfiɗe a fangali, ko naɗewa bai fara ba.

Yara kuma ba su da wauta. Kasuwar kayan lambu ta Farin Gada tana nan, Keke ɗaya ne. Ranar awo sai ga kwanduna maƙil, kawuna duk girmansu ɗaya, gindin ya bushe ya yi duhu, alhali wanda aka sara da safe fari ne, da danshinsa. Rukunin da ya tsaya kan gaskiya ya zo da ganye ya tashi da 6, wanda ya yi karo-karo ya je kasuwa ya kwashi 18. Yarinyar da ta yi wata biyu tana jidar ruwa da bokiti tana kallon wannan, kuma malaminta ne ya rubuta da hannunsa. Zangon gaba ko da bulala ba za ta shiga laka ba, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Ko babu maguɗi, yawancin abin da ke kashe lambu ba ya hannun ɗalibi. An cika wa gadon iri ruwa da daddare, tsiron ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Akuya ta keta shinge ranar Lahadi. Tsutsa ta huda ganye kamar rariya. Mai lambu ya rasa kuɗin fetur, injin ban ruwa ya yi kwana huɗu a kashe.

Saboda haka girbi kada ya ci ko maki ɗaya. A ba da 8 ga littafin aiki, kowane ɗalibi da nasa: ranar shuka, ranar tsiro, ranar dashe, tsayin shuka biyar da aka sa wa alama duk mako, irin takin da aka sa da yawansa. A sa hannu a kai a fili, ranar da aka rubuta, don littafin da ya kwana a gida kwafi ne. A ba da 8 ga gwaji a gaban malami: ya cire dashe da ƙasarsa ba tare da tsinka saiwa ba, ya auna santimita 45 zuwa 60 tsakanin kabeji, ya sa takin zamani na NPK a gefe ya rufe, bai taɓa kara ba. Sauran 4 na halarta ne. In kuma ana son yara su ga abin hannunsu cikin zango, a shuka alayyahu, wata guda da 'yan kwanaki ya isa yanka, ko latas, ko kokwamba.

Kada a miƙa wa mai lambu biro. Ka tambaye shi, zai ce, "Malam, ai duk yaran kirki ne," ya ba kowa cikakke, don ba zai ɓata da iyayen da yake haɗuwa da su a masallaci da kasuwa ba. A tambaye shi abin da ya sani: me ya sa yake haɗa tokar bola da takin zamani, yaushe yake rage ruwa. Yara su kira shi Baba, su rubuta amsar.

Akwai kuma irin shugaban makarantar da kabeji yake so dole, saboda ya fi alayyahu fitowa a hoto ranar da baƙi suka zo daga ma'aikata. Shi ne dai zai aiko a daren haɗa sakamako a "duba" makin wasu da takalminsu bai taɓa ganin taɓo ba. Maganinsa takardar halarta mai kwanan wata, kwafi biyu, ɗaya ba a ofis take kwana ba.

Feshin magani aikin mai lambu ne, yara su tsaya nesa. Takardar yardar iyaye kafin fita ta farko. Rukuni kada ya wuce mutum biyar, in ya kai goma, biyu ke aiki, takwas na hira. Kududdufin kuza bakinsa a tsaye yake kuma da zurfi, ba a aika ɗalibi ɗebo ruwa a ciki. A cika duro da inji, su ɗiba daga nan.