Hayaƙin Bamberg da Tsiron Kunun Umma

Ƙamshin hayaƙi ne ya fara tarbar mu tun daga bakin ƙofa. Ba irin na taba ba, irin wanda ke tashi daga bandar kifi, ko daga tukubar mai tsire idan dare ya yi nisa. Mu 14 ne, ɗalibai masu karatun fasahar sarrafa abinci, malaminmu ya kawo mu Bamberg a arewacin jihar Bavariya ta Jamus. Mai yi mana jagora wata dattijuwa ce 'yar garin, tana riƙe da jar lema don kada mu ɓace mata a cunkoso. Gidan da ta shigar da mu shi ne Schlenkerla, tsohuwar mashaya mai baƙin katako a rufi, wadda aka fara ambaton gininta a rubuce tun 1405. Aka jera kofuna, aka tsiyayo wa kowa wata giya mai duhu daga gangar katako. Ni kuwa ruwan tuffa aka kawo mini kamar yadda na nema tun kafin mu taso, na ja gefe na tsaya kusa da taga.

Ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, ranar ma ban ɗanɗana ba. Darasin da muke yi a zangon na tsiron hatsi ne, abin da Jamusawa ke kira Malz, wanda sunansa ke jikin kwalaben Maltina da Malta Guinness da ake sha a gidajen biki a wajenmu. Tsiro yana shiga burodi, biskit, abincin yara da lemon kwalba, amma a Jamus ba ka isa ka koyi aikinsa ba tare da ka bi ta tarihin giya ba, domin a nan iliminsa ya taru. Sai da na kira Baba kafin na sa sunana a jerin masu tafiya. Ya ce, "Me za ka je nema a gidan giya?" Na yi masa bayani. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, ka san iyakarka. Kada ka sha, kada ka ɗauka, kada ka miƙa wa kowa. Abin da yake na ilimi kuma ka buɗe ido." Da wannan sharaɗi na tafi, kuma duk da haka tsayuwar da na yi a ɗakin nan ba ta kwanta mini a rai ba, har yau.

Daga bakin tagar na ji dattijuwar tana bayyana inda hayaƙin ya fito. Idan sha'ir ya tsira, dole a busar da shi kafin ya cinye abincin da ke cikinsa. A ƙasar da rana ba ta da ƙarfi, wuta ake hurawa a ƙarƙashinsa, don haka a da yawancin tsiron da aka busar da wuta yana ɗauke da hayaƙi. Da aka samu dabarar busarwa da iska mai zafi ba tare da hayaƙi ya taɓa hatsin ba, kusan kowa ya koma can, saboda ta fi arha kuma ba ta jawo gobara. Gidaje biyu ne a Bamberg suka ƙi sakin tsohuwar hanya, Schlenkerla da Spezial, wanda aka kafa a 1536. Har gobe suna busar da nasu tsiron a kan wutar wani itace da suke kira Buche, wanda ake ajiyewa ya bushe sosai kafin a sa shi a murhu. Abin da a da ake gani ci baya ne, yau shi mutane ke hawo jirgi daga Amurka da Japan su zo gani.

Da muka fito ta bi da mu ta gadar da ke ratsa tsohon ginin majalisar gari, wanda ke zaune a tsakiyar kogin Regnitz. A nan ta tsaya ta yi maganar doka, kuma na lura muryarta ta canza. Duk duniya an san dokar tsabtar giya ta Bavariya, wadda aka kafa a Ingolstadt ranar 23 ga Afrilu, 1516, zamanin mai mulkin Bavariya Wilhelm na 4, wadda ta ce ruwa da sha'ir da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira Hopfen kaɗai za a sa. Ba a ambaci yisti ba, domin a lokacin ba a san halitta ce mai rai ba. Dokar ta kuma ƙayyade farashi, ta bar wa masu burodi alkama. Sai dattijuwar ta ɗaga yatsa ta ce Bamberg ta riga su da shekara 27, tun 1489 bishof ɗin da ke mulkin garin ya kafa irin tata, kuma a lokacin ma garin ba ya ƙarƙashin Bavariya, sai farkon ƙarni na 19 aka haɗe su. Ta ƙara da labarin 1907, lokacin da masu giya suka ƙara fenik ɗaya, wato ƙaramin kuɗin Jamus na lokacin, a kan farashi, mutanen gari suka ƙaurace musu suka riƙa shigo da ita daga maƙwabta, cikin kusan mako guda aka janye ƙarin.

Ban damu da wa ya riga wa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, duk maganar da matar nan ta yi tana da takarda a bayanta. A gidan tarihin sana'ar da ke kan tudun Michaelsberg, cikin tsohon gidan 'yan zuhudun Kirista da aka kafa a 1015, an ajiye tsofaffin tukwane da ma'aunai da kayan masu haɗa ganga. Muka kuma leƙa ramukan da aka sassaƙa a cikin duwatsun garin, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 8 rani da hunturu. Kafin Carl von Linde ya fito da injin sanyaya a shekarun 1870, nan ne firinjinsu, suna sassaro ƙanƙara daga tafkuna da hunturu su jibge a ciki, su dasa itatuwa a sama don inuwa. Shi ya sa har yau mutanen Bamberg ke cewa za su hau kan rami idan za su je wurin shan iska na bazara.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Jagorar ta maimaita wata magana da ake yi a garin, wai giyar hayaƙi ba ta daɗi sai a kofi na uku, kuma kofinsu, wanda suke kira Seidla, rabin lita ne. Aka yi dariya. A awa uku da muka yi muna yawo an yi maganar sarakuna da itace da ƙanƙara, ba a ce uffan a kan hanta ko gidajen da shaye-shaye ya rusa ba, alhali duk wanda ya bi ta tashar jirgin ƙasa da daddare a manyan biranen Jamus ya ga wannan fuskar. Yawon buɗe ido talla ne, kuma mai talla gefe ɗaya yake nunawa.

Ainihin karatun da na yi bai zo a yawon ba, sai bayan wata biyu, da aka tura ni sanin makamar aiki a wata ƙaramar masana'antar tsiro a yankin. Aikin a baki mai sauƙi ne. A jiƙa sha'ir har danshinsa ya kai wajen kashi 45 cikin 100, a shimfiɗa shi ya tsira kwana biyar zuwa shida a sanyin digiri 14 zuwa 18, ana juyawa, sannan a busar har danshin ya sauko wajen kashi 4, a karkaɗe saiwoyin. An ba ni ƙananan akwatunan gwaji guda shida in kula da su, da littafin da zan riƙa rubuta zafi da danshi sau uku a rana. Wata Asabar da yamma na makara, na rasa jirgin da zai kai ni, ban je ba. Da safiyar Lahadi na duba lambobin baya, na ƙiyasta abin da ya kamata a samu, na cike gurbin.

Ranar Litinin shugaban masu tsiron, wani dattijo da ya fara sana'ar tun yana yaron koyo, ya buɗe akwati na huɗu. Saiwoyin sun sarƙe kamar tabarma, wani ɗan tsami-tsami yana tashi maimakon ƙamshin ɗanyen kokwamba da lafiyayyen tsiro ke yi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya fasa ta da farce, ya murza cikin tsakanin yatsunsa. Maimakon ya shafu kamar alli, sai ya yi danƙo. Ya buɗe littafina, ya ɗora yatsa a kan layin Asabar, ya dube ni. Na gaya masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi hatsin da ya lalace ba komai ba ne, kilo nawa ne, amma da na bar gurbin fanko da ya san inda zai nemi matsalar, yanzu kuwa na sa ya daina yarda da dukan shafin. Ya sa na ja layi a kan lambar, na rubuta "ban auna ba", na sa hannu da kwanan wata. Na ji kunyar da ban taɓa ji a aji ba. A Jamus shekara uku ake yi ana koyon sana'ar giya da tsiro, wani ɓangare a makaranta wani a wurin aiki, kuma ina jin rabin abin da ake koya wa yaran nan shi ne kada alƙalami ya rubuta abin da ido bai gani ba.

Dattijon nan ne kuma ya fara tambaya ta game da dawa. Ya san cewa a 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma kan dawa da masara, kuma irin kaura da aka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya shiga cikin waɗanda aka yi amfani da su. Na san wannan a takarda. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne alaƙarsa da tsakar gidanmu. Yana bayyana mini cewa sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, alhali sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari sukan fara mutuwa a irin wannan zafin, don haka dole a dafa kashi ɗaya daban, a bari ya huce, sannan a haɗa da ɗanyen. Yana magana ina ganin Umma a gaban babbar roba. Takan raba ƙullun kunun zaƙi gida biyu, ta sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta rufe. Can sai ta dawo ta ɗora bayan hannunta a jikin robar. Idan bai yi mata ba ta tafi ta ci gaba da aikinta. Idan ya yi, sai ta zuba ɗanyen kason mai niƙaƙƙen tsiro da dankali, ta motsa, kaurin nan ya saki nan take, a bar shi ya kwana a tace da safe. Idan muka matsa mata ta yi sauri takan ce, "Ku bari ya huce, kada ku kashe mini tsiro."

Kashe tsiro. Shekara nawa na yi ina haddace sunan amiles, sinadarin nan mai mayar da sitaci sukari, da jadawalin zafinsa don cin jarrabawa, ashe matar da ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba ta riga ta faɗi abin da kalma biyu. Haka ma da dattijon ya gargaɗe ni cewa huda da saiwar tsiron dawa suna ɗauke da guba mai haifar da sayanayid, dole a karkaɗe su tas bayan an shanya, sai na tuna yadda makiyaya ke kore shanu daga gyauron dawa. Masu burkutu a garuruwanmu su ma da tsiron dawa suke aiki, iliminsu da na masu kunu tushensa ɗaya, inda suka rabu shi ne tsawon lokacin da ake bari ya tsimu.

Bambancin da na gani tsakanin Bamberg da gidanmu ba na basira ba ne. Su sun auna nasu, sun rubuta, sun kafa masa makaranta, har sun samu wadda za ta riƙe lema ta ba da labarinsa. Namu yana bayan hannun Umma. Mai kunun da ke son ta ƙulla kwalba 200 a rana ba ta da takardar da za ta gaya mata zafi nawa, awa nawa, ko me ya sa na jiya ya yi zaƙi na yau ya yi tsami kafin azahar. Shi ya sa na sauya batun binciken kammala karatuna, na mayar da shi kan tsiron dawa da gero don kunu da abincin yaye.

Da wani ɗan garinmu zai koma gida hutu, na ba shi ƙaramin ma'aunin zafi na girki ya kai wa ƙanwata. Na roƙi Umma a waya, duk ranar da za ta dama kunu, idan hannunta ya ce ya yi, ta bari a tsoma ma'aunin kafin ta zuba tsiron. Ta ce, "Yanzu kunun nawa ne ya zama abin karatu?" Na ce, "Shi ne, Umma." Ƙanwata ta samu littafi ta ja layuka, kwanan wata, irin hatsin, lambar da ma'auni ya nuna, da yadda kunun ya fito. Na gaya mata ranar da ta manta ba ta auna ba, ta bar gurbin haka nan. Zuwa yanzu ta turo mini hoton shafi uku, akwai gurbi biyu fanko a ciki.